A Kai Kwantena

Mai Sawu yana da wani ɗan aibu wanda shi da kansa yake riga mutane faɗa: ba ya ɗaukar waya. Idan ta yi ƙara sai ya zuba mata ido kamar baƙon da ya zo lokacin cin abinci, har ta gaji ta yi shiru. Da can matarsa ce ke ɗauka ta miƙa masa tana hararar sa. Wata bakwai ke nan da rasuwarta, wayar kuwa ta koma yin kukanta ita kaɗai. Shi ya sa kiran da aka fara yi masa daga gidan rediyo tun safiyar Litinin bai same shi ba sai ranar Laraba, shi ma don 'yarsa ta zo kawo masa wanki ne ta ɗauka.

Ta daɗe tana saurare. Da ta ajiye wayar sai ta zauna a hannun kujera, abin da ta san ya tsana.

"Baba, wai shirye-shiryen Mama sun ɓace. Gaba ɗaya."

Shekara ashirin da shida matar tasa ta yi tana gabatar da shirin safe a wannan gidan rediyon, kuma duk abin da ta taɓa faɗa a gaban makirufo yana ajiye wuri ɗaya, cikin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da komai na gidan. A gida babu ko minti ɗaya na muryarta. Wa zai ajiye muryar da kullum ita ke tashinsa daga barci, ta kuma tambaye shi inda ya jefa makullin mota? Tun da aka binne ta yake cewa gobe zai je ya kwafo.

Sunan nasa gado ne. Mahaifinsa mai bin sawun shanun sata ne, mutumin da zai dubi ƙasa ya gaya maka cewa ɓarawon gurgu ne kuma bai karya kumallo ba. Shi kuwa ya gaji sunan ban da tafiyar. Shekara goma sha tara yana kula da sabar gidan rediyon kafin ya yi ritaya, sawun da yake bi a zaune yake bin sa, da tabarau da ciwon baya. A takardun ofis ana kiran sabar uwar garke, sai yakan ce to ai shi ma bai bar kiwo ba.

*

Gidan rediyon bai canza ba, sai dai gaisuwa ta yi ƙaranci. Mutane biyu na magana a lungu, na uku ya doso, sai a koma zancen zafi. Kowa ya riga ya kama ɓarawonsa a zuci.

Manaja ya tare shi a bakin ofis da hannu biyu, yana kiran sa maigida kamar yadda ya saba tun yana ƙaramin ma'aikaci. Ya ce sun shirya za su yi mako guda suna maimaita shirye-shiryen marigayiya, har an fara sanarwa. Ranar Litinin aka je ɗaukowa aka tarar da wayam. Faifan ajiya ma, wanda ake kwafe komai a kansa saboda irin wannan rana, wayam. Ya ce shi dai abin da ya sani, wata injiniya suka ɗauko ta saka wa sabar sabuwar manhaja, ta gama ranar Juma'a, Litinin kuma ga abin da aka gani. Ya karɓe makullinta da kwamfutarta, takardar 'yan sanda tana cikin aljihun tebur, sa hannu kawai ta rage.

Mai Sawu ya tambaya ko an kashe sabar tun da aka gano. Manaja ya yi mamakin tambayar. Ina za a kashe, alhali ita ke naɗar duk abin da ake watsawa safe da yamma?

Mai Sawu ya cire tabarau ya goge su da gefen riga. Abin da aka share daga na'ura ba nan take yake mutuwa ba, yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Kwana uku ke nan ana rubuta tallar sabulu da gaishe-gaishen masu sauraro a kan matarsa. Kwana biyu daga ciki wayarsa na ƙara a kan tebur yana kallon ta. Ya shiga ɗakin sabar ya zare wayar naɗin da hannunsa, bai nemi izinin kowa ba.

*

Injiniya na zaune a ƙaramin ɗakin taro, jakarta a cinya, kamar mai jiran mota. Ba za ta girmi 'yarsa ba. Idanunta sun kumbura amma muryarta ba ta rawa.

Ya ce ta yi masa bayani kamar ga wanda bai san komai ba, don kusan haka ne. Ta ce da can duk ayyukan gidan a cakuɗe suke cikin sabar, kamar iyali goma a ɗaki ɗaya: idan shafin intanet ya yi tari sai jadawalin shirye-shirye ya kwanta. Manhajar da ta saka tana yanka wa kowane aiki ɗakinsa, da ƙofarsa, ba mai leƙa na wani. Kowane ɗaki ana ce masa kwantena. Ta gina guda uku, ta buɗe folda ɗaya inda kayansu za su zauna, ranar Juma'a da yamma ta kwashe tsofaffin shirye-shirye ta mayar can. Ta ƙirga kafin ta kwashe, ta ƙirga bayan ta kwashe, dubu shida da ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Ta nuna masa a littafinta, da rubutun hannu mai kyau.

Ya tambaye ta inda take ranar Lahadi. Ta ce tana gidan yayarta tana yi wa yara kitso.

"Baba, da muryar marigayiya na tashi," ta ce. "Mahaifiyata ba ta ɗora tukunya sai ta ji ta gaishe mu. Me zan yi da share ta?"

Ya mayar mata da littafinta. Mahaifinsa bai taɓa yarda da hawaye ba, ƙasa kawai yake tambaya. Amma littafin nan ya tsaya masa a rai. A shekara goma sha tara shi bai taɓa rubuta abin da ya yi wa sabar a ko'ina ba, yana ganin muddin yana raye ai shi ne littafin.

*

Na biyu a bakin mutane shi ne Mai Faifai, tsohon abokinsa, mai kula da ɗakin ajiya. Sabon tsarin ya cinye masa aiki, ƙarshen wata zai tafi. An ji shi a taro yana cewa ranar da zai bar gidan nan da kayansa zai tafi. Kuma yana da kalmar sirri ta shiga sabar.

Ya same shi yana shan shayi a cikin ɗakin da babu komai sai kantoci. Mai Faifai ya dube shi sama da ƙasa ya ce lallai takaba ba ta karɓe shi ba, ya rame har kunnuwansa sun ƙara girma. Mai Sawu ya ce shi kuma ga shi ana korar sa amma tumbin bai ji labari ba. Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da aka zo kan maganar kayansa, Mai Faifai ya nuna butar shayi da wata tsohuwar fanka. Su ne kayan. Kalmar sirri kuwa, ya ɗaga faranti ya nuna masa takardar da ya manna a ƙasa, ya ce tun da aka canza ta watan jiya bai yi nasarar shiga ko sau ɗaya ba, kullum na'urar ce masa take yi ya yi kuskure, kamar uwargidansa.

"Shekara biyu na yi ina juye kaset ɗinta zuwa cikin sabar nan, ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "Na fi ka jin muryarta, kai da ka aure ta."

Mai Sawu ya yi caraf ya tambayi inda kaset ɗin suke. Abokin nasa ya kawar da kai. Bayan an juye su, an ce suna cin wuri. Shekara shida ke nan da aka fitar da su bayan ginin, ruwa ya shiga, ɓeraye suka ƙarasa. Ya je ya duba ranar Litinin da kansa. Abin da ya samu ba ya shiga rikoda.

*

Rajistar ƙofa ta nuna mutum ɗaya ne ya shigo ranar Lahadi ba tare da yana da aiki ba: Mai Labarai. Kowa ya san shekara huɗu ita da marigayiya ba sa ga-maciji, a kan minti goma da aka yanke daga labarai aka ƙara wa shirin safe. Ko gaisuwar rasuwa a tsaye ta yi ta.

Ta karɓe shi a situdiyo na biyu, ta ce masa yaya, ta kuma ce ba ta da abin faɗa. Ya zauna yana jira. Wannan kaɗai ya koya da kyau a wurin mahaifinsa. Agogon bango ya yi ta tafiya. Can sai ta ce duk Lahadi take zuwa, tun bayan rasuwar, lokacin da situdiyon ba kowa. Takan rufe ƙofa ta kunna tsohon shiri ɗaya ta saurara har ƙarshe. Ba ta son a sani, don za a ce munafunci ne, ita kanta ba ta tabbata ba shi ba ne.

Ta ce wannan Lahadin tana cikin sauraro, marigayiya na yi wa wani mai kira tsiya a kan ya ce matarsa ba ta iya gaisuwa ba, sai muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Ta nemi wani shirin, babu. Ta nemi na gaba, babu. Tsoro ya kama ta, ta ɗauka ita ce ta taɓa wani abu, ta ɗauki jakarta ta gudu.

Ya tambaye ta ƙarfe nawa.

"Sha biyu. Ana buga ƙararrawar sha biyu a situdiyo na ɗaya, ita kuma ta yi shiru."

*

Ɗakin sabar yana nan da sanyinsa da ƙugin fankokinsa, har kujerar da ta lalata masa baya ba a canza ba. Ya buɗe rajistar da na'urar ke rubuta duk abin da aka yi a cikinta. Nan ne ƙasarsa.

Sawun Injiniya a fili yake, ranar Juma'a, a tsare, tana shiga tana rufe ƙofa a bayanta. Na Mai Faifai ma ga shi, sau goma sha ɗaya yana ƙwanƙwasawa ana hana shi. Na Mai Labarai sauraro ne kawai. Sharewar kuwa ta fara ƙarfe sha biyu daidai, ba daƙiƙa ɗaya gaba ko baya, ta gama cikin minti uku. Ƙarfe sha biyu da rabi daidai faifan ajiya ya tashi ya kwaikwayi sabar kamar yadda aka koya masa: abin da babu a can, shi ma ya zubar. Hannun mutum ba ya cika alkawari haka. Kuma babu sunan kowa a kai, na'urar ce ta aiki kanta.

Kansa ya ɗau zafi, ya fita bayan ginin ya sha iska. Can ya tarar da mai gadi zaune a inuwar tsohuwar kwantenar ƙarfe, irin ta jirgin ruwa, wadda ta fi rabin ma'aikatan daɗewa a gidan. Nan ake jefa karyayyun kujeru da matattun makirufo. A gidan nan ba a cewa a zubar da abu, sai dai a ce a kai kwantena. Har mutum idan an sallame shi, cewa ake an kai shi kwantena.

Mai gadi ya miƙe ya yi masa gaisuwar rashi, sannan ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, ni tun ranar Juma'a na san za a yi asara. Yarinyar nan tana fita na ji ta a waya tana murna, wai ta zuba komai a kwantena. Na ce a raina, baƙuwa ce, ba ta san gidan ba. Abin da ya shiga kwantena a nan ai ya tafi."

Mai Sawu ya tsaya yana kallon tsatsar ƙofar. Sai ya juya ya koma ciki da sauri irin na mai ciwon baya.

Bai ɗauki minti biyu ba ya samo shi. Wani ɗan umarni ne mai layi huɗu, an rubuta shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da sabar ke yawan cika da tarkace. Wanda ya rubuta ya buɗe folda ta zuba shara, ya sa mata sunan da kowa a gidan zai gane, ya kuma ce wa na'urar duk Lahadi ƙarfe sha biyu ta share duk abin da ta samu a folda mai wannan suna. Daga baya aka daina amfani da foldar, ta ɓace, umarnin kuwa ya ci gaba da zuwa kowane mako yana samun ba kowa yana komawa. Har ranar Juma'ar da wata yarinya mai tsabtar aiki ta buɗe sabuwar folda a daidai wurin, ta sa mata sunan da ya fi dacewa da kayan kwantenoninta.

Akwai kuskuren rubutu a layi na uku, harafi biyu sun yi musanya. Ya san yatsun da ke yin wannan kuskuren. Suna kan gwiwarsa.

*

Manaja ya tara su a ɗakin taro da la'asar: Injiniya, Mai Faifai, Mai Labarai, mai gadi a bakin ƙofa. Takardar 'yan sanda na kan tebur, da biro a kanta.

Mai Sawu ya lura cewa babu wanda zai iya karanta layukan nan huɗu sai shi da Injiniya, ita kuma an karɓe mata kwamfuta. Ya lura kuma cewa idan ya ce ita ce ta zuba kayan a inda aka share su, bai yi ƙarya ba. Tunanin ya zauna tare da shi kamar minti ɗaya, ya ma gyara zama. Ba ya jin daɗin tuna wannan mintin.

Ya fara da wanke su ɗaya bayan ɗaya. Mai Faifai ko ƙofar bai iya buɗewa ba. Mai Labarai ta zo ɗaukar wasu takardu ne, in ji shi, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Injiniya ta yi aikinta yadda ake yi, abu ɗaya ne ba ta sani ba, kuma babu inda aka rubuta shi balle ta karanta. Sannan ya ba su labarin foldar da sunanta da ƙarfe sha biyun Lahadi.

Manaja ya ce to wa ya saka wannan abu a sabar.

"Ni."

Ba wanda ya yi motsi. Ya ce idan ana son a cike takardar, ga sunansa, ya san yadda ake rubuta shi, kuma 'yan sanda ba za su sha wahalar kama shi ba, in dai ba ta waya za su neme shi ba. Babu wanda ya yi dariya sai Mai Faifai, shi ma rabi, sannan ya rufe fuska da hula. Manaja ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tura wa Injiniya makullinta a kan tebur ba tare da ya dube ta ba.

Ita ce ta fara magana. Ta ce idan an ba ta kwamfutarta, akwai hanyar tono abin da ba a riga an rubuta a kansa ba. Ba ta yi alkawarin komai ba.

*

Kwana biyu suka yi suna tono, ita tana aiki, shi yana miƙa mata shayi yana ba ta shawarar da ba ta buƙata. Abin da ya fito gutsattsari ne: ƙara, shiru, rabin tallar sabulu, wani yana gaishe da surukinsa. Daga dubu shida da ɗari huɗu da goma sha ɗaya, guntu ɗaya ne ya buɗe da muryar mace a shirin safe, daga zamanin kaset, yana shuu kamar ana ruwa a kan kwano. Daƙiƙa tara ne. Tana cewa barkanmu da safiya, da fatan an tashi lafiya, wanda bai tashi ba kuma a taimaka a tashe shi.

Injiniya ta saka masa a wayarsa ta nuna masa inda zai danna. Ya yi mata godiya har ta ji kunya.

Ranar Asabar 'yarsa ta zo ta same shi a falo, wayar a tafin hannunsa, yana dannawa yana sakewa. Ya ce ta zo ta ji Mamanta tana yarinya. Ya ce ta ji yadda take jan kalmar safiya, haka take yi idan ta fita ba su shirya ba, shi kaɗai ya san wannan. Ya kunna mata sau uku. A na ukun ya juya fuska wajen taga.

Ta karɓi wayar don ta tura wa kanta. A ƙasan guntun akwai kwanan watan da Mai Faifai ya kwafo daga jikin kaset ɗin, rana da wata da shekara. Ta karanta, ta sake karantawa. Sannan ta mayar masa da wayar, ta ce muryar ta fito da kyau, ta shiga kicin ta ɗora ruwa.

Kwanan watan ranar haihuwarta ne. A wannan safiyar Mama tana ɗakin haihuwa, wata ce ta zauna mata a shirin.